BABI NA BIYU: TARIHIN ƘOƘARIN AUNA KAMUN KAN ƊALIBAI WAJEN KARATU

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana abin da ake nufi da kamun kai wajen karatu, wato ɗalibi ya iya danne abin da ransa yake so a yanzu, kamar hira ko wasa ko barci ko latsa waya, domin ya fuskanci aikin makaranta wanda sai can gaba zai ga amfaninsa. A wannan babi kuwa za a bi diddigin yadda masana ilmin halayyar ɗan Adam suka yi ta fafutukar samar da ma'aunin wannan hali tun daga farkon ƙarni na ashirin. Yawancin aikin a Ingila da Amurka aka yi shi, don haka can za a fi mai da hankali kafin a waiwayo Nijeriya. Abin da tarihin zai nuna shi ne, kowane ma'auni aka ƙirƙiro, in an duba da kyau sai a tarar bayan halin yaro ya haɗa da auna yanayin da yaron yake ciki da kuma idon mai awon.

2.1 Daga Awon Basira Zuwa Awon Hali

A shekarar 1905 ne Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajin auna basirar yara a ƙasar Faransa, domin a gano waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman a makaranta. Gwajin ya karɓu ƙwarai, musamman a Amurka. To amma akwai abin da kowane malami ya sani wanda gwajin bai taɓo ba, wato akan sami yaro mai ƙwaƙwalwa ya zo kusa da na ƙarshe a aji, a kuma sami wani wanda bai kai shi fahimta ba ya shige gabansa saboda naci. Wannan ne ya sa aka fara tambayar ko shi ma nacin zai ɗoru a kan sikeli.

Daga cikin waɗanda suka fara gwadawa akwai Edward Webb, almajirin Charles Spearman a Landan. A aikin da ya buga a 1915 ya yi nazarin ɗalibai maza 194 na wata kwalejin horon malamai da kuma yara 'yan makaranta 140 masu kimanin shekara 12. Hanyarsa mai sauƙi ce. Ya sa waɗanda suka san su, wato shugabannin ɗalibai a kwalejin da malamai a makarantun yaran, su lura da su na wani lokaci sa'annan su ba kowa maki a kan halaye masu yawa. Da ya zo lissafi sai ya ga wasu halayen tare suke tafiya. Wanda aka ce ba ya watsar da aiki don ya yi wuya, galibi shi ne dai aka ce mai amana ne, mai tsayawa a kan abin da ya ɗauka. Ya ce ke nan akwai wani ginshiƙi guda a ƙarƙashinsu wanda ya sha bamban da basira, ya kuwa laƙaba masa harafin “w”, harafin farko na kalmar Ingilishi mai nufin ƙarfin niyya.

Shekara biyar kacal bayan haka Edward Thorndike ya fito da raunin wannan hanya. A 1920 ya duba makin da hafsoshin sojan Amurka suka bai wa na ƙasa da su a kan basira da jagoranci da ƙirar jiki da ɗabi'a, sai ya ga makin ya yi kama da juna fiye da kima. In mutum ya burge hafsa ta fuska ɗaya sai ya sami maki mai yawa a komai, in kuwa bai kwanta masa ba sai ya faɗi a komai. Hausawa sun riga sun yi wa wannan laƙabi da “so hana ganin laifi”. Ke nan mai yiwuwa wani ɓangare na ginshiƙin da Webb ya gano a zukatan masu ba da makin yake.

Wannan ya sa wasu suka ce a bar tambayar mutane, a sa mutum ya yi aiki a gani. June Downey ta Jami'ar Wayomin ta ƙirƙiro gwajin da ake sa mutum ya rubuta 'yan kalmomi da sauri iyakar iyawarsa, sa'annan ya sake rubuta su a hankali iyakar iyawarsa, wai don a ga yadda yake iya riƙe hannunsa. Gwajin ya yi tashe a shekarun 1920, daga baya aka watsar da shi domin sakamakonsa bai dace da halin mutanen a zahiri ba.

Aikin da ya fi kowane girma a wannan zamani shi ne na Hugh Hartshorne da Mark May a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya, wanda aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1928 da 1930. Na farko ya shafi ha'inci, na biyu taimakon juna da kamun kai, na uku kuwa yadda halayen suke haɗuwa a jikin mutum guda. Yara sama da 10,000 aka gwada, kuma ba su san halinsu ake dubawa ba. Alal misali, akan yi wa aji jarrabawa a karɓe takardun a kwafe amsoshin a asirce, sa'annan a mayar musu da takardun tare da amsoshin daidai a ce kowa ya yi wa kansa maki. Duk wanda ya gyara amsarsa, kwafin da aka ajiye zai tona shi. Da irin waɗannan dabaru aka gwada juriya da iya kau da kai daga abin sha'awa. Abin da suka samu ya girgiza masu tarbiyya na lokacin. Idan aka ɗauki ma'aunin dangantaka wanda sifiri ke nufin babu alaƙa, ɗaya kuma ke nufin cikakkiyar alaƙa, dangantakar da ke tsakanin gwaji da gwaji ba ta wuce wajen 0.2 zuwa 0.3 ba. Wato yaron da ya yi maguɗi a lissafi ba lalle ne ya yi a filin wasa ba, wanda ya jure a wani aiki yana iya sarewa a wani. Haka kuma sun lura 'yan aji ɗaya sukan yi kama da juna a hali, abin da ke nuna tasirin aji da abokai. Bahaushe kan ce hali zanen dutse, amma waɗannan masana abin da suka gani ya fi kama da zane a kan rairayi, aƙalla a shekarun ƙuruciya. Daga baya wasu sun sake duba alƙalumansu sun nuna cewa in aka tara gwaje-gwaje da yawa wuri ɗaya, halin yaro yakan fito fiye da yadda suka zata. Darasin da ya tabbata dai shi ne gwaji guda ba ya isa a yanke wa yaro hukunci.

2.2 Gwajin Alewa

Babu gwajin kamun kai da ya kai na Walter Mischel suna. An fi danganta shi da Jami'ar Stanford, amma asalinsa daga tsibirin Tirinidad ne. A binciken da ya buga a 1958, Mischel ya bai wa yara 53 masu shekara 7 zuwa 9 zaɓi tsakanin alewar santi ɗaya a take da ta santi goma bayan mako guda. Ya tarar yaran da babu uba a gidansu sun fi zaɓar ƙaramar a take. Fassarar da shi kansa ya yi wa wannan tana da muhimmanci, domin da yawa daga masu ambaton aikinsa sun manta da ita. Cewa ya yi lamarin ya shafi yarda, wato yaron da bai saba ganin namiji babba ya yi alkawari ya cika ba, ba shi da dalilin gaskata baƙon da ya ce zai dawo mako mai zuwa. A wurin irin wannan yaro ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma lissafinsa daidai ne.

A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ne ya ci gaba da aikin a makarantar renon yara ta Stanford. Akan zaunar da yaro ɗan shekara huɗu ko kusa da haka a ɗaki shi kaɗai, a ajiye masa alewa ko biskit da ƙararrawa. In ya jira babba ya dawo, kimanin minti 15, zai sami biyu, in kuwa ya gaza sai ya kaɗa ƙararrawa ya ci ɗaya. Manufar farko ita ce a gano dabarun da ke taimakon yaro ya jira, an kuwa gano cewa wanda ya zuba wa alewar ido ba ya daɗewa, wanda ya kau da hankalinsa da waƙa ko wasa shi ke kai labari. Abin da ya jawo gwajin cikin maganar makarantun sakandare shi ne bibiyar yaran da aka yi bayan sun girma. A 1990 Yuichi Shoda da Mischel da Philip Peake suka ba da rahoton cewa waɗanda suka fi jira suna ƙanana sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Jaridu suka ɗauki labarin suka yi ta yayatawa, ba tare da sun damu da cewa waɗanda aka sami makin nasu ba su kai 100 ba, kuma galibinsu 'ya'yan malamai da ɗaliban jami'ar ne.

An ɗauki lokaci kafin a gyara wannan zuzutawa. A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka raba yara 28 gida biyu. Kafin a kawo alewa an yi wa kowane rukuni alkawarin kayan zane, aka cika wa rukuni ɗaya, aka saɓa wa ɗayan. Waɗanda aka cika wa sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3. A 2018 kuma Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka yi amfani da bayanan yara sama da 900 daga gidaje iri-iri, suka duba ƙoƙarinsu a makaranta suna da shekara 15. Alaƙar tana nan, amma rabin wadda aka ruwaito da farko ce, kuma da aka yi la'akari da halin gidan yaro da basirarsa tun yana ƙarami sai kashi biyu cikin uku nata ya zube. A wannan tsakani ne Bettina Lamm da abokan aikinta suka kai gwajin wurin 'ya'yan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru, inda aka yi amfani da fanke a madadin alewa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran sun jira minti 10 cif, alhali a cikin takwarorinsu na Jamus waɗanda suka jira ba su kai kashi 30 ba. Masu binciken sun danganta wannan da irin renon da ke koya wa yaro biyayya da natsuwa a gaban manya. Ko wannan jira kamun kai ne ko bin umurni ne, tambaya ce da za ta sake tasowa a sashe na 2.4.

2.3 Shigar Awon Makarantun Sakandare

Ɗan sakandare ba a ajiye masa alewa a ce ya jira, don haka sai aka koma ga tambayarsa. A 1986 Barry Zimmerman da Manuel Martinez-Pons suka yi hira da ɗaliban sakandare 80, rabi daga ajin masu ƙoƙari rabi daga sauran azuzuwa, a kan yadda suke tsara karatunsu, kamar tsai da lokaci da neman wuri marar hayaniya da bitar darasi da neman taimako. Amsoshin sun isa a rarrabe rukunonin biyu kusan daidai. Daga nan takardun tambayoyi suka yawaita. Wadda ta fi bazuwa ita ce ta June Tangney da Roy Baumeister da Angie Boone ta 2004, mai jimloli 36, da gajeruwarta mai 13, inda mutum zai nuna daga 1 zuwa 5 yadda kowace jimla ta dace da shi.

Binciken da ya fi shafar wannan nazari kai tsaye shi ne na Angela Duckworth da Martin Seligman na Jami'ar Fensilbaniya, wanda aka buga a 2005. Duckworth ta taɓa koyar da lissafi a makaranta kafin ta koma bincike, kuma da alama ta ɗauki darasin Hartshorne da May, domin ba ta dogara da ma'auni ɗaya ba. A zagaye na farko an ɗauki ɗalibai 140 'yan aji takwas, wato daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka haɗa abin da ɗalibi ya ce game da kansa da abin da iyayensa suka ce da abin da malamansa suka ce. A zagaye na biyu mai ɗalibai 164 an ƙara gwajin basira da kuma gwaji na zahiri: aka miƙa wa kowa ambulan mai dala ɗaya, aka ce ko ya riƙe ko ya mayar a ba shi dala biyu bayan mako guda. An yi awon a farkon shekarar karatu aka jira ƙarshenta. Sakamakon ya nuna kamun kai ya fi basira hasashen makin ƙarshen shekara fiye da ninki biyu, kuma masu shi sun fi zuwa makaranta a kai a kai, sun fi daɗewa a kan aikin gida, sun fi fara shi da wuri, kallon talabijin ɗinsu kuma bai kai na sauran ba. Sai dai makarantar ta zaɓaɓɓu ce, sai mai ƙoƙari ake ɗauka, saboda haka tazarar basira a tsakanin ɗaliban ba ta da faɗi tun asali. Bugu da ƙari, a 2012 Duckworth da wasu abokan aikinta sun nuna cewa makin da malamin aji ke bayarwa ne kamun kai ya fi hasashe, amma a jarrabawar bai-ɗaya da ake shiryawa daga waje basira ce kan gaba. Dalilin a fili yake, tunda makin malami ya ƙunshi kawo aikin gida da halartar aji da zama lafiya da malamin.

A 2014 Brian Galla da abokan aikinsa suka zamanantar da gwajin alewa domin manyan ɗalibai. Sun zaunar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare 921 a gaban kwamfuta wadda aka raba fuskarta biyu. Ɓangare ɗaya lissafin ɗebewa ne mai sauƙi mai gundura wanda aka gaya musu yana da amfani, ɗayan kuwa bidiyo ne na nishaɗi da wasan Tetris, kuma ɗalibi yana da 'yancin komawa duk inda ya so. Kwamfutar ke ƙirga lokacin da ya ɓata a kowane ɓangare. Wannan ya kauce wa son zuciyar malami da ƙaryar ɗalibi, amma wanda Tetris bai dame shi ba zai fito da siffar mai kamun kai ba tare da ya danne komai ba.

Babbar matsalar takardar tambayoyi ta bayyana ne a birnin Boston. Martin West da abokan aikinsa sun tambayi ɗalibai 1,368 'yan aji takwas, suka buga sakamakon a 2016. A tsakanin ɗalibi da ɗalibi komai ya tafi yadda aka zata, wanda ya ce yana da kamun kai shi ya fi ci gaba a jarrabawa. Da aka kwatanta makaranta da makaranta sai abin ya juye. Ɗaliban wasu makarantu masu tsananin horo da doguwar ranar karatu, waɗanda suka fi kowa ci gaba a jarrabawa, su ne suka bai wa kansu maki kaɗan a kamun kai. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne kowa da na kusa da shi yake auna kansa. Wanda abokansa ke karatun awa uku kullum, in ya yi awa biyu sai ya ɗauka shi malalaci ne, wanda kuwa abokansa ba sa buɗe littafi, rabin awa ta isa ya ga kansa gwarzo. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin a daidai lokacin wasu gundumomin ilmi na jihar Kalifoniya, ciki har da Los Anjalis da Oakland, sun shirya sanya irin waɗannan amsoshi cikin ma'aunin ingancin makarantu. Duckworth, wadda aikinta ne ya fi tallata fannin, ita da David Yeager sun yi gargaɗi a 2015 cewa ma'aunan ba su nuna ba tukuna, a watan Maris na 2016 kuma ta rubuta a jaridar New York Times tana adawa da a yi wa makarantu hukunci da su.

2.4 Yadda Abin Yake a Nijeriya

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, su suka shigo da gwajin bi-da-bi wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da “si-e”. Tsarin ya tanadi a riƙa auna ɗalibi ta fuska uku, wato ilminsa da ɗabi'unsa da kuma ƙwarewarsa ta aikin hannu da motsa jiki. Daga nan ne takardar sakamako ta makarantu da yawa ta sami gurbin da malamin aji ke ba da maki, galibi daga 1 zuwa 5, a kan zuwa da wuri da tsabta da ladabi da mai da hankali da juriya da kamun kai. Idan aka duba da kyau wannan hanyar Webb ce ta 1915, sai dai shi ya sa an lura da ɗaliban na tsawon lokaci domin wannan aiki musamman. Malamin da ke riƙe da cikakken aji, wanda zai cike gurbin a makon ƙarshe na zango bayan ya riga ya ga makin jarrabawa, da wuya ya kauce wa abin da Thorndike ya bayyana. Na ɗaya a aji zai sami 5 a jere, na ƙarshe ya sami 2 a jere.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga harshe. A bakin Bahaushe “kamun kai” ya fi karkata ga natsuwa da kiyaye mutunci da rashin rawar kai, kuma an fi yabon 'ya mace da shi. Ɗalibar da ke sunkuyar da kai, ba ta surutu, ba ta haɗa ido da malami, kowa zai ce tana da kamun kai ko da kuwa ba ta taɓa buɗe littafi a gida ba. Ɗalibi mai yawan tambaya da gardama wanda ke tashi da asuba ya yi bita kafin ya fita, da wuya a ba shi wannan shaida. Wannan ita ce tambayar da yaran Nso suka tayar, wato bambanci tsakanin riƙe kai don idon babba da riƙe kai lokacin da babu mai gani. Saboda haka duk wanda ya fassara takardar Tangney zuwa Hausa ya sa wannan kalma ba tare da bayani ba, zai iya tarar da cewa kunya ya auna. Haka ma tambayar awa nawa ɗalibi ke yi a kan aikin gida, wadda ta yi aiki a binciken 2005, tana bukatar a haɗa ta da wasu tambayoyin a nan: ko akwai wutar lantarki ko fitila a gidan, ko yana zuwa Islamiyya da yamma, ko kuma akwai talla ko shago ko gona da ke jiransa in an tashi daga makaranta.